Yaron da Atininsa Ya Ƙi Jin Magani: Yadda Ake Gano Kumburin Babban Hanji Mai Gyambo

Daga Garwa zuwa Marwa, daga Kuseri zuwa Njamena, duk yaron da aka kawo asibiti yana zawo da jini da majina, atini ake fara cewa, kuma galibi haka ɗin ne. Ruwan sha ba tsafta, ƙuda da yawa, damina na tafe da nata. Sai dai akwai 'yan tsirarun yara da jinin ba ya tsayawa. Ka buɗe karnen yaro, wato littafin asibitinsa, ka tarar an rubuta Flagyl a wannan shafi, siprofuloksasin a na gaba, an sake Flagyl, an ba da maganin tsutsa, an yi gwajin taifot an ba da nasa maganin, wata huɗu ke nan ana zagaye ɗaya, yaro sai ƙara fari yake yi. A cikin irin waɗannan ne ake samun masu kumburin babban hanji mai gyambo, ciwon da likitocinmu ke rubutawa RCH a takarda. Wannan bayani na ma'aikatan cibiyoyin lafiya ne, da iyayen da ke son su fahimci dalilin da ya sa ake ta aika su gwaji.

Ciwon ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Garkuwar jiki ce ke juyawa kan shimfiɗar cikin babban hanji, ta kumbura ta, ta yi mata ƙananan gyambuna masu zubar da jini. Yana farawa daga dubura ya hau sama a jere, kamar gobarar daji da ba ta tsallake gona, kuma iyakarsa shimfiɗar ciki, ba ya huda bangon hanji sai in ya yi tsanani ƙwarai. Likitan Ingila Samuel Wilks ya bayyana shi tun 1859. Ciwon yakan lafa ya tashi. A yara ya fi faɗi kuma ya fi zafi: kimanin biyu cikin uku na yaran da aka gano, ciwon ya riga ya mamaye babban hanji duka, alhali a manya da yawa yana tsayawa a ƙasa-ƙasa. Ya fi bayyana daga shekara 10 zuwa balaga, amma yana iya zuwa kafin nan.

Tambayoyin da ke buɗe hanya

Lokaci shi ne abu na farko. Atinin ƙwayar Shigela yakan zo da gaggawa, da zazzaɓi, ya wuce cikin mako guda ko makamancin haka. Abin da zai sa ka fara zargin RCH shi ne zawo mai jini da ya kai mako 4, ko kuma ya tafi ya dawo sau 2 ko fiye cikin wata 6. Iyaye ba sa ƙirga makonni, saboda haka ɗaura tambayar a kan abin da suka sani: "Inna, kafin azumi ya fara ko bayan salla? Ruwan sama ya sauka a lokacin?"

Daga nan a bi bayan gidan kansa. Sau nawa a yini da dare? Jinin a cakuɗe yake da kashi, ko ɗiga yake bayan an gama? Jinin da ke ɗiga ja wur bayan kashi mai tauri, yaro yana kukan zafi, tsagewar bakin dubura ce. Jinin da ke zuwa ba ciwo ba zawo a yaro ɗan shekara 2 zuwa 8, tunanin tsiron nama a hanji ya fi kusa. Iyaye za su ce basir ne, amma basir na gaskiya ba kasafai yake kama ƙaramin yaro ba, kar kalmar ta rufe maka ido. A RCH jinin a gauraye yake da majina da kashi mai ruwa, ciki yana murɗawa kafin a shiga bayan gida, ya ɗan sassauta bayan an fito. Yaro yana yunƙuri ya daɗe a tsugune, abin da ke fita bai taka kara ya karya ba, ya tashi yana jin bai gama ba. Kashi yana matsa shi ba shiri, wani lokaci ya ɓata wando a hanyar makaranta ya ɓoye.

Tambaya ɗaya ta fi sauran nauyi: yana tashi cikin dare don bayan gida? Hanjin da ke tada yaro daga barci ba lafiyayye ba ne.

Akwai wata matsala da littattafan Turai ba su damu da ita ba. Yaron da ya wuce shekara 5 masai yake shiga, ko ya zagaya bayan gari, uwa ba ta ganin kashinsa. Budurwa 'yar shekara 13 kuwa ba za ta faɗi komai a gaban mahaifinta ba. A ware ta da ma'aikaciya mace. A kuma sa a ba yaron fo ko tsohuwar roba na kwana 3, uwa ta duba kowane kashi, ta ja layi a takarda, ta ɗauki hoto da waya. A tambaya kuma ko ya sha zoɓo, wanda ake kira folere a nan, domin yana iya rina kashi ja. Maganin ƙarin jini shi kuma baƙi yake mayar da shi.

Kar a manta da ruwan da yaro ke shiga, da magungunan da ya sha daga hannun masu talla, musamman ibufurofen da dikulofenak da ke tsananta ciwon, da jiƙe-jiƙen da aka ɗura masa ta dubura, da mai tari a gida, da ko akwai ɗan'uwa mai irin wannan ciwo.

Duba jiki

A auna nauyi da tsawo, a kwatanta da tsohon awo in akwai. Rama tana zuwa, amma tsayawar girma da jinkirin balaga sun fi yawa a ɗan'uwan wannan ciwo, wato ciwon Kuron, wanda ke iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. A duba tafin hannu da cikin ido don ƙarancin jini, a ƙirga bugun zuciya, a duba kumburin ƙafa. Ciki yakan yi zafi in an danna, galibi ƙasa ta hagu. Saifa da hanta masu girma suna karkatar da tunani zuwa tsargiyar hanji ko zazzaɓin cizon sauro.

Dole a kalli dubura, da izinin uwa kuma a gabanta. A RCH wajen yakan zama lafiya lau ko ɗan ja saboda yawan zawo. Ƙurji mai mugunya, ko rami mai yoyo, ko fatar da ta yi tsiro mai kauri, alamun Kuron ne ko tarin fuka. Wasu yaran ciwon yana fita wajen hanji: gwiwa ko idon sawu ya kumbura, ƙulluttai masu zafi su fito a ƙwauri, ido ya yi ja da ciwo, baki ya yi gyambo. A baƙar fata ƙulluttan ƙwauri ba sa nuna ja sosai, da yatsa ake jin su. Ƙaiƙayin jiki ko ido rawaya na nuna hanyoyin matsarmama sun shiga ciki.

Kawar da ƙwayoyin cuta tukuna

Nan ne aikin yake a ƙasarmu, kuma nan ne ake yin kuskure ta fuska biyu. Wani ma'aikaci yana ta maimaita maganin atini har shekara. Wani kuma, da ya ji labarin RCH, sai ya yi sauri ya ba da furedinisolon. Na biyun ya fi haɗari. Wannan magani yana kwantar da garkuwar jiki, in amiba ce, ɗaya daga ƙwayoyin da ke kawo atini, ke cin hanjin tana iya huda shi cikin kwanaki, in tarin fuka ne ya bazu.

Amiba. A nemi gwajin KAOP, wato duba kashi a madubin labo don neman amiba da ƙwan tsutsa, sau 3 a ranaku daban-daban. A ɗebo daga wajen da ke da jini da majina, kar fitsari ko ƙasa ko ruwa ya taɓa shi, a kai labo cikin minti 30, tun yana da ɗumi. Kashin da aka ɗauko da asuba daga ƙauye a kan babur, ya iso da azahar, ba zai nuna amiba mai motsi ba. Ga kuma tarkon da ke kama mutane da yawa: sakamakon da ya ce an ga ƙwansar amiba kawai ba ya tabbatar da cewa ita ce ke sa jinin. Akwai wata amiba marar cutarwa, Entamoeba dispar, da ƙwansarta ba ta bambanta da ta mai cutar a madubin labo, kuma lafiyayyun yara da yawa suna ɗauke da ita. Abin da ke tabbatarwa shi ne amiba mai motsi da ta haɗiye jajayen ƙwayoyin jini. Kafin a ce magani ya gaza, a tabbatar an sha shi yadda ya kamata: metronidazol, wato Flagyl, miligiram 35 zuwa 50 kan kowane kilo a yini, a raba uku, kwana 7 zuwa 10, a bi da maganin da ke kashe ƙwansa a cikin hanji. Yaron da ya sha wannan cikakke, jini bai tsaya ba, a daina laƙaba wa amiba.

Bakteriya. Kofurokultur, wato shuka kashi, ita ke nuna Shigela da Salmonela da Kamfilobakta. A ɗauka kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba sakamako zai fito wayam. Manyan dakunan gwaji irin reshen Centre Pasteur da ke Garwa su ne wuraren nema. Yaron da ya sha magunguna iri-iri yana iya samun ƙwayar Clostridioides difficile, a nemi gubarta inda ake yi. Samun ta, ko samun wata ƙwaya, ba ya wanke yaro daga RCH, suna iya haɗuwa. A yi maganin abin da aka gani, a sake dubawa bayan mako 2 zuwa 4. Gwajin Widal na taifot kuwa ba ya da abin cewa a nan.

Tsargiyar hanji. Mutane sun san tsargiya da fitsarin jini, amma nau'in Schistosoma mansoni hanji yake kamawa, yana sa zawo mai jini na watanni. Duk yaron da ke wanka ko kamun kifi a Binuwai ko tafkin Lagdo, ko yake shiga gonakin shinkafa na Yagwa da Maga, ko bakin Logon, a nemi ƙwai a kashi ta hanyar gwajin Kato-Katz fiye da sau ɗaya. Yawan fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil yana ƙara zargi. Maganinta firazikwantel miligiram 40 kan kilo, ba tsada, kuma a yankin da take da yawa ba laifi a ba da shi kafin a ɗora wa iyaye kuɗin tafiya mai nisa.

Tarin fuka na hanji ya fi kama da Kuron, amma a nema: zazzaɓin yamma, gumin dare, kaluluwa, ruwa a ciki, hoton ƙirji, gwajin tarin fuka na GeneXpert. A yi gwajin sida da izinin iyaye. A tuna kuma da tsutsar Strongyloides, wadda ke bazuwa jiki duka in an ba da furedinisolon ba a kashe ta ba.

Shekarun yaro ma suna sauya lissafi. Jariri mai ƙoshin lafiya da ke fitar da zaren jini, yawanci jikinsa ne bai karɓi madarar shanu ba. Jaririn da ke ƙwalla ƙara lokaci-lokaci yana amai, kashinsa jini da majina zalla, hanji ne ya shige cikin hanji, wannan aikin tiyata ne na gaggawa. In kumburin hanji na gaskiya ya fara kafin shekara 6, balle kafin 2, ana neman lalurar garkuwar jiki ta gado, musamman inda iyaye auren zumunci suka yi ko an taɓa rasa jariri da irin wannan.

Gwajin jini

A nemi NFS mai ƙirga ƙwayoyin jini, VS da CRP masu nuna kumburi, albumin wato furotin ɗin jini, da gwajin hanta har da wanda ake kira GGT. Abin da aka saba gani: jini ya yi ƙasa da ƙananan ƙwayoyi saboda rashin sinadarin ƙarfe, fulakat, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, sun hau, VS ta hau, albumin ya sauka. Hawan fulakat yana da amfani, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot saukar da su suke yi. Yaro mai atini da fulakat ɗinsa suka faɗi, fitsari ya ragu, fuska ta kumbura, ƙoda za a duba nan take. Amma kyakkyawan sakamako ba ya rufe magana: kusan rabin yaran da ciwonsu ke da sauƙi, duk waɗannan gwaje-gwaje lafiya suke fitowa. Kalfurotektin, sinadarin kumburi da ake aunawa a kashi, ya fi su gani. Ƙasa da maikirogiram 50 a giram yana nisanta RCH ƙwarai. Hawansa kuwa kumburi kawai yake nunawa, atini da tsargiya ma suna ɗaga shi, kuma a yara 'yan ƙasa da shekara 4 dama can yakan fi na manya. In jini na fita ƙiri-ƙiri wata biyu, kashe kuɗi a kansa bai zama dole ba, leƙa hanjin za a yi ko ta yaya.

Auna tsanani da PUCAI

PUCAI ma'aunin tsananin wannan ciwo ne a yara, na 2007. Ba ya buƙatar allura ko na'ura, tambayoyi 6 ne kan kwana biyun da suka wuce. Ciwon ciki: babu 0, ana iya share shi 5, ba a iya sharewa 10. Jini: babu 0, kaɗan a ƙasa da rabin kashin da aka yi 10, kaɗan a yawancinsu 20, mai yawa da ya fi rabin abin da ya fita 30. Kamar kashi: ɗaurarre 0, rabi-rabi 5, ruwa 10. Yawansa a awa 24: har 2 maki 0, 3 zuwa 5 maki 5, 6 zuwa 8 maki 10, fiye da 8 maki 15. Tashin dare 10. Kuzari: yana harkokinsa 0, yana ɗan fasawa 5, ya kwanta 10. Jimla 85. Ƙasa da 10 ciwo ya lafa, 10 zuwa 34 mai sauƙi, 35 zuwa 64 matsakaici, 65 zuwa sama mai tsanani. Ma'aunin ba ya gano ciwon, nauyinsa yake faɗa, mai atinin Shigela ma zai sami maki masu yawa.

Yaron da ya kai 65 asibiti zai kwana a ranar, inda akwai jini da likitan tiyata. Haka wanda ke da zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciki a kumbure kamar an hura, ko ya fara rikicewa. Raguwar zawo farat ɗaya tare da kumburin ciki ba sauƙi ba ne, hanji ne ya saki. A yi hoton ciki: faɗin babban hanji na tsakiya da ya kai milimita 56, ko ya wuce 40 a yaron da bai kai shekara 10 ba, tare da waɗannan alamu, hanjin yana dab da fashewa. Kada a ba da lofiramid mai tsayar da zawo, kada a ba da turamadol ko danginsa, kada a ɗura komai ta dubura. Farasitamol ya isa.

Leƙa hanji da tsinko nama

Ba a tabbatar da RCH da gwajin jini, ko hoton eko, ko ganin ido. Ƙa'idojin Porto na likitocin hanjin yara a Turai, da aka sabunta a 2014 sun ce a leƙa babban hanji duka har ƙarshen ƙaramin hanji, a leƙa ta baki har ciki, a tsinko nama aƙalla 2 daga kowane sashe, har inda ido ya ga lafiya. Ana yi wa yaro ne a barci. Kafin iyaye su hau mota zuwa Njamena ko Yawunde ko wani babban asibiti, a kira a tabbatar akwai mai yi wa yara, akwai mai sa barci, kuma an san inda za a kai naman.

Shiri shi ke gyara aikin ko ya ɓata shi. A dakatar da maganin ƙarin jini mako guda kafin ranar. Jajibiri ruwa-ruwa mai haske kawai, ban da zoɓo da duk wani jan lemo, ban da kunu mai tsaki. Maganin wanke hanji na makurogol a sha shi gwargwadon nauyi har abin da ke fita ya zama ruwa garau. In ciwon yana kan tsananinsa ba a wankewa, ba a kuma zurfafawa, ƙasan hanji kaɗai ake leƙawa a hankali, a tsinko nama, sauran sai ya lafa.

Mai dubawa zai ga shimfiɗa ja mai tsaki-tsaki, jijiyoyin jini sun ɓace, tana zubar da jini da an taɓa, a jere daga dubura. Gyambon amiba dabam yake, ɗaiɗai ne da lafiyayyen wuri tsakani. Rarrabawar Faris ta 2011 ita ake rubutawa don nuna inda ciwon ya kai: E1 dubura kaɗai, E2 ɓangaren hagu, E3 har kusurwar hanjin da ke ƙarƙashin hanta, E4 hanji duka. Yara suna da nasu bauɗewa, wani duburarsa sai ta fito kamar lafiya, musamman in an riga an sa magani ta nan, kuma a ƙananan yaran da ciwon bai daɗe ba naman ba lalle ya nuna alamun daɗewa ba. In lamarin bai fito sarai ba, ana duba ƙaramin hanji da na'urar IRM mai ɗaukar hoton cikin jiki, ko a rubuta cewa ba a rarrabe tsakaninsa da Kuron ba tukuna, a sake dubawa nan gaba.

Kowane sashe da kwalbarsa, cikin fomalin, ruwan adana nama, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, da sunan wurin a jiki. Zuba su duka a kwalba ɗaya yana ɓatar da babbar shaida, wato jeruwar ciwon. Naman da za a nemi tarin fuka a ciki ruwan gishirin asibiti ake sa shi, fomalin yana kashe ƙwayar. A takardar da ke raka kwalaben a rubuta wa mai duba nama garin yaro da ruwan da yake shiga, a roƙe shi ƙarara ya nemi amiba da ƙwan tsargiya, domin ƙwan tsargiya yana yin ƙullutun da ake iya ɗauka na Kuron ne.

Wasiƙar turawa ita ma ta ƙunshi ranar da jini ya fara, nauyin yaro na da da na yanzu, kowane magani da adadinsa da kwanakin da aka sha, sakamakon kashi duka da ranakunsu, da makin PUCAI na ranar tafiya. In an riga an ba da furedinisolon a wani wuri, a rubuta shi da manyan baƙaƙe, domin yana sauya abin da za a gani a hanjin.